An miƙa maka ƙungiyar NBA da ta durƙushe: ta ina za ka fara?

A ce yau aka kira ka, aka ce ga ƙungiya a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kai ne babban manaja. A kakar da ta wuce wasa 22 kacal ta ci cikin 82. Tauraronta ya haura shekara talatin, wakilinsa ya fara raɗe-raɗin a sallame shi. Mai ƙungiya ya ce ya ba ka shekara huɗu, amma kai da shi kun san cewa idan aka yi shekara biyu kujeru ba 'yan kallo, haƙurinsa zai ƙare.

Hanya biyu kowa zai nuna maka. Ta farko ita ce diraf, wato zaɓen matasa da ake yi a ƙarshen watan Yuni, inda ƙungiyoyi 30 suke ɗiban sababbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka da ƙasashen waje, zagaye biyu, gurbi 60, waɗanda suka fi shan kashi su ne kan gaba a layi. Ta biyu ita ce kasuwar masu 'yanci, wadda ake buɗewa da yammacin 30 ga Yuni, inda ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yake tafiya duk inda ransa ya so.

Na yi shekaru ina musun wannan da wani abokina, ɗan a-mutun ƙungiyar Los Angeles Lakers. Shi a wurinsa maganar ba ta da tsawo: ka tara kuɗi, ka jira babban ɗan wasa, ka ɗaga kofi. Duk ranar da na kawo masa San Antonio, wadda ta ginu ta diraf, sai ya jefo mini Shaquille O'Neal, wanda Lakers suka samo a kasuwa. Bayan duk kai-komon nan, inda na tsaya shi ne dukkan hanyoyin biyu za ka bi, kuma abin da ke cin kujerar manajoji shi ne rashin sanin wacce ake farawa da ita. Diraf harsashin gini ne, kasuwa kuwa rufi ce da fenti. Ga yadda zan bi da lamarin da ni aka ba.

Fara da duba garin da kake

Manyan taurari idan suka sami 'yanci ba ko'ina suke zuwa ba. Shaquille ya bar Orlando zuwa Los Angeles a 1996. LeBron James da Chris Bosh sun tafi Miami a 2010. LeBron ya koma Lakers a 2018. A 2019 Kawhi Leonard ya ɗaga kofi a Toronto, bai ko huta ba ya kama hanyar Clippers ta Los Angeles, a shekarar kuma Kevin Durant da Kyrie Irving suka sauka a Brooklyn da ke New York. Ka ga jerin: Los Angeles, Miami, New York. Ko dai rana da bakin teku, ko babbar kasuwar talla, ko jihar da ba ta karɓar harajin albashi kamar Florida. Komawar LeBron Cleveland a 2014 ba hujja ba ce, gida ya koma, ɗan Akron ne.

Idan ƙungiyarka a Utah take, ko Memphis, ko Charlotte, ka cire wannan mafarki daga ranka tun yau. Kai, ko New York ɗin ma ba kullum take dacewa ba. New York Knicks sun yi shekara biyu suna zubar da kwantiragi don su samu kuɗin ɗaukar LeBron a 2010, ƙarshe Amar'e Stoudemire suka samu a kan kusan dala miliyan 100 na shekara biyar, gwiwoyinsa kuma ba su kai shi ƙarshen tafiyar ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dokokin gasar ma gidan da ɗan wasa yake suka fi goyon baya. Ƙungiyarsa tana iya ba shi shekara biyar da ƙarin kashi 8 cikin ɗari duk shekara, baƙuwar ƙungiya kuwa shekara huɗu da ƙarin kashi 5. Kuma idan ya yi shekara uku a wurinka, kana da damar wuce iyakar albashi, wato jimillar kuɗin da gasar ta ƙayyade wa kowace ƙungiya ta biya 'yan wasanta, don ka riƙe shi, dokar da aka laƙa wa sunan Larry Bird. Shi ya sa taurarin yanzu suke sa hannu a gida su kwashi kuɗin, in ransu ya ɓaci daga baya su nemi a yi musayarsu. Kasuwar ta zama ta 'yan wasa masu kyau, manyan kuwa da wuya su iso ta.

Sayar da tauraronka tun yana da daraja

Nan ne mafi ɗaci, kuma nan ne manajoji suka fi jan ƙafa. Ɗan wasan da magoya baya suke sayen rigarsa, kai za ka ɗaga waya ka tallata shi. Amma kowace kaka da ka ƙara jira, farashinsa sauka yake yi.

Misalai biyu sun ishe ka karatu. A 2013 Boston ta tura Kevin Garnett da Paul Pierce Brooklyn, dukansu sun tsufa, ta karɓi guraben zaɓen zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musayar gurbi a 2017. Brooklyn ta rushe da wuri, guraben suka zama zinariya. Da na 2016 aka ɗauki Jaylen Brown, ta na 2017 aka samu Jayson Tatum, su biyun suka kawo kofin 2024. A 2019 kuma Sam Presti, manajan Oklahoma City, ya ba Clippers Paul George, ya karɓi guraben zagayen farko biyar, da damar musaya biyu, da Danilo Gallinari, da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya buga kaka ɗaya tak, Shai Gilgeous-Alexander. Yaron nan shi ne gwarzon gasar a 2025. Ɗaya daga cikin guraben kuma shi ya zama Jalen Williams, na 12 a 2022.

Darasin da ke ciki na ciniki ne zalla. Nemi guraben shekaru masu nisa, ba na baɗi ba, domin ƙungiyar da ta karɓi tauraronka za ta yi ƙarfi baɗi, gurbinta na can ƙasa ne. Shekara huɗu ko biyar nan gaba, lokacin da taurarinta suka tsufa, shi ne naka. Doka ta yarda a sayar da gurbi har na shekara bakwai gaba. Ka dage kada a sa masa kariya, wato sharaɗin cewa in ya faɗo cikin na sama sai su riƙe abinsu. Akwai kuma dokar Stepien, wadda ta samo suna daga wani mai ƙungiyar Cleveland da ya yi ta watsar da gurabensa a farkon shekarun 1980: ba a yarda ƙungiya ta rasa gurbin zagayen farko shekara biyu a jere ba. Saboda haka a shekarun tsakani sai ka nemi damar musaya, in nasu ya fi naka kyau ka ɗauka. Kada kuma ka tashi daga teburin ba tare da matashi ko ɗaya da ya riga ya taka filin NBA ba. Gurbi alkawari ne, matashin kuwa ka gan shi da idonka.

Faɗuwa da gangan, da iyakarta

Ba wanda yake faɗa a bainar jama'a, amma kowa ya san ana yi. Ka zaunar da ƙwararru a benci, ka saki yara su yi ta kuskure, ka sha kashi, ka hau sama a layin diraf. San Antonio ta ci wasa 20 kawai a kakar da David Robinson ya ji rauni, ta samu Tim Duncan a 1997, ta ɗaga kofi biyar da shi. Kowa wannan yake hange.

Sai dai lissafin ya canja. Ƙungiyoyi 14 da ba su shiga zagayen fitar da gwani ba ƙuri'a ake jefa musu. Da, wadda ta fi kowa lalacewa tana da kashi 25 cikin ɗari na samun gurbin farko. Tsarin da aka kawo a 2019 ya mayar da shi kashi 14, kuma ƙungiyoyi uku na ƙasa duk daidai suke. Detroit ta fi kowa shan kashi a 2023, ta faɗo na biyar, tana ji tana gani Victor Wembanyama ya tafi San Antonio. Ta sake zama ta ƙarshe a 2024, har da faɗuwa 28 a jere, ta sake faɗowa na biyar. A 2025 Utah ce ta ƙarshe, ita ma na biyar, Dallas mai kashi 1.8 ta tafi da Cooper Flagg. Wato sai ka ƙona kaka guda cur, ka kori 'yan kallo, a kan abin da sau shida cikin bakwai ba za ka samu ba.

Philadelphia ce ta kai abin maƙura a zamanin manajanta Sam Hinkie: wasa 19, sannan 18, sannan 10 a kakar 2015 zuwa 2016. Sun samu Joel Embiid, wanda ya zama gwarzon gasar a 2023, ba za a ce asara ce zalla ba. Amma Jahlil Okafor na 3 bai yi ba, Markelle Fultz na 1 bai yi ba, Ben Simmons na 1 ya tafi cikin rikici, Hinkie kansa ya ajiye aiki a 2016, kuma har zuwa 2025 ba su kai wasan ƙarshe na yankin Gabas ba. A ganina shekara biyu ce iyaka, uku in ta matsa. Yaron da ya shekara huɗu ba wanda ya damu ko an ci ko an faɗi, ya koyi halin da ba koci ɗin da zai cire masa. Dubi Oklahoma City: 22, 24, sannan 40, 57, 68 da kofi a 2025. Kaka biyu suka yi a rami suka fito.

Ranar zaɓe

Ɗauki wanda ya fi kowa iyawa, ko da kana da irinsa. Ƙungiyar da ta ci wasa 22 ba ta da wani gurbi da ya cika. Portland tana da Clyde Drexler a 1984, sai ta ɗauki dogo Sam Bowie a na 2, Michael Jordan ya tafi Chicago a na 3. Minnesota ta riƙe gurbi na 5 da na 6 a 2009, ta ɗauki masu raba ƙwallo biyu, ta bar Stephen Curry ya faɗa hannun Golden State a na 7.

Ni ma ba zan yi ta yi wa manajoji dariya ba tare da tona kaina ba. A 2017 na rantse wa abokina cewa Boston ta yi wauta da ta bar gurbi na 1 ta koma na 3, domin a idona Fultz ba shi da na biyu. Har yau in muka haɗu sai ya tuna mini. Abin da na koya shi ne ba wanda ya iya wannan duba, har waɗanda ake biya don su yi shi. Anthony Bennett na 1 ne a 2013, bai yi ba. Darko Milicic na 2 ne a 2003, gaban Carmelo Anthony da Bosh da Dwyane Wade, shi ma bai yi ba. Maganin rashin tabbas shi ne yawan harbi. Manajan da ke da gurbi uku a shekara ya fi mai gurbi ɗaya kusa da dacewa, ko da na ɗayan ya fi tsada.

Kada kuma ka raina ƙasan layi. Giannis Antetokounmpo na 15 ne a 2013, yana buga ƙaramar gasa a Girka. Nikola Jokic na 41 ne a 2014. Draymond Green na 35, Tony Parker na 28, Manu Ginobili na 57, Pascal Siakam na 27. Fred VanVleet da Luguentz Dort ba ma wanda ya zaɓe su. Iyakar albashi 'yan wasa kawai ta shafa, ba ta hana ka ɗaukar masu farautar matasa a Turai da Afirka, da likitoci, da masu horar da harbi ba. A nan ne mai ƙungiya zai zuba kuɗi ba tare da doka ta riƙe masa hannu ba. Likitocin ma ka saurare su: Greg Oden na 1 ne a 2007, gaban Durant, gwiwa ta gama da shi.

Ribar diraf ta gaske a kwantiragi take. Ɗan zagayen farko yana zuwa da shekara huɗu a farashin da aka riga aka yanke, biyu tabbas, biyu sai in ka so. Wembanyama kusan dala miliyan 12 ya karɓa a kakarsa ta farko, alhali a kasuwa da ya ninka haka. In huɗun suka ƙare, duk tayin da wata ƙungiya ta yi masa kana da ikon biyan daidai da shi ka riƙe abinka. Kusan shekara takwas ko tara ke nan yana hannunka.

Kuɗin da ke hannunka kafin lokaci ya yi

Dole ka kashe aƙalla kashi 90 cikin ɗari na iyakar albashi, haka dokar take. To, ba da hayar sararin da ya rage maka a ƙarƙashin iyakar. Akwai ƙungiyoyin da wani tsohon kwantiragi ya shaƙe, za su haɗa maka da gurbin diraf don ka karɓe musu shi. Presti ya karɓi Al Horford daga Philadelphia a 2020 tare da gurbi, bayan kaka ɗaya ya tura shi Boston ya karɓi Kemba Walker tare da gurbi na 16. Mutum ɗaya, riba biyu. Gurbin nan na 16 ya sayar wa Houston, ita kuma ta ɗauki Alperen Sengun da shi, don ka san gwanin ma yakan bar nama a faranti.

Abin da ba za ka yi ba shi ne irin na bazarar 2016. Kuɗin talabijin ya ɗaga iyakar albashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a tashi ɗaya, kowa ya fito kasuwa da aljihu cike. Lakers, suna tsakiyar gini, suka ba Timofey Mozgov miliyan 64 da Luol Deng miliyan 72, kowanne shekara huɗu. Bayan shekara guda sai da suka haɗa da D'Angelo Russell, wanda suka ɗauka na 2 a 2015, kafin Brooklyn ta yarda ta karɓi Mozgov. Deng kuwa sun ci gaba da biyansa har 2022 yana gida. Garin neman ƙiba aka samo rama. In za ka ɗauki ƙwararre a wannan mataki, shekara ɗaya ko biyu, kuma mai halin da yara za su koya.

Lokacin shiga kasuwa

Alamar ita ce ranar da ka tabbata kana da matashi ɗaya da za a iya gina ƙungiya a kansa, da wasu biyu da ke binsa. Houston ta ci wasa 22 a kakar 2022 zuwa 2023, ta kawo koci Ime Udoka, ta sayi VanVleet da Dillon Brooks, ta koma 41, sannan 52. Ba taurarin duniya ba ne, masu tsaron gida ne da suka san yadda ake cin wasa. Oklahoma City ta rasa dogo mai kwasar ƙwallo a ƙarƙashin kwando a 2024, ta ba Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku, kofi ya biyo baya. Milwaukee ta tsinci Brook Lopez da araha a 2018. Golden State ta kawo Andre Iguodala a 2013, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe a 2015. Ka sayi abin da ka rasa, da sunansa.

Wanda ya fi burge ni shi ne cinikin Jalen Brunson. Knicks sun ba shi miliyan 104 na shekara huɗu a 2022, mutane da yawa suka ce an yi tsada, ga shi na 33 ne a diraf, a inuwar Luka Doncic yake a Dallas. Ashe tauraro ne da bai samu fili ba. Irin wannan, ɗan shekara 25 ko 26 da ƙungiyarsa ba ta gane darajarsa ba, shi ne kaɗai babban kifin da ƙungiya mai gini za ta iya kamawa a kasuwa.

Misalan abokina ma in ka tona su diraf za ka tarar a ƙasa. LeBron da Bosh Wade suka je tararwa, wanda Miami ta zaɓa na 5 a 2003 kuma ya riga ya ba ta kofi a 2006. Shaquille bai ɗaga kofi a Los Angeles ba sai da Kobe Bryant, na 13 a 1996, ya girma. Durant ya je Golden State ne don Curry da Klay Thompson da Green suna can, kuma kuɗin ya isa ne saboda Curry yana kan kwantiragin miliyan 44 da ya sa hannu a 2012 lokacin da idon sawunsa ke ba shi wahala. Kofin Lakers na 2020 bai samu ba sai da aka tattara Brandon Ingram da Lonzo Ball da Josh Hart da gurabe aka kai New Orleans aka karɓo Anthony Davis. Inda aka tara taurari a kan tushe marar ƙwari kuwa, ga Brooklyn: Durant da Irving da James Harden wasa 16 suka buga tare, zagaye ɗaya suka tsallake, kowa ya kama gabansa.

Guraben da ka tara ma ranar kashe su tana zuwa. Masai Ujiri, shugaban Toronto na lokacin, ya ba da DeMar DeRozan a 2018 ya karɓo Kawhi, mutumin da ya buga wasa tara kacal a kakar da ta gabata kuma saura masa shekara ɗaya. Toronto ta ɗaga kofinta na farko. Milwaukee ta zube gurabe a kan Jrue Holiday a 2020, ta ci kofin da ta shekara 50 ba ta gani ba. Dukansu mutum ɗaya ya rage musu. Phoenix kuwa ta ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da gurabe huɗu a kan Durant a 2023, ta ƙara da Bradley Beal, ta ƙare kakar 2024 zuwa 2025 da wasa 36 ba tare da ta shiga zagayen fitar da gwani ba.

Ranar biyan bashi

Yaran da ka zaɓa za su girma, kuma kusan lokaci ɗaya za su zo karɓar nasu. Matashi yana iya kaiwa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na iyakar albashi, mai shekara goma a gasar kashi 35. Uku irin waɗannan sun cinye maka kusan komai. Oklahoma City ta farko ta zaɓi Durant da Russell Westbrook, tun ƙungiyar tana Seattle, sannan Harden, shekara uku a jere, ta kai wasan ƙarshe a 2012, a watan Oktoban shekarar ta tura Harden Houston saboda ba a daidaita kan kuɗi ba. Dukansu uku sun zama gwarazan gasar, ba su ɗaga kofi tare ba.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da 'yan wasa ta ƙara tsananta abin. Bayan harajin da ake ci wa ƙungiyar da albashinta ya yi yawa, an kafa shingen albashi biyu, na biyun yana wajen dala miliyan 189 a kakar 2024 zuwa 2025, lokacin da iyakar albashi take kusan 141. In ka haura shi, ba ka haɗa albashin 'yan wasa biyu a musaya, ba ka tura tsabar kuɗi a ciniki, kuma a daskare gurbinka na shekara bakwai gaba. Denver ta ci kofi a 2023, Bruce Brown ya tafi a bazarar, Kentavious Caldwell-Pope ya bi shi a 2024. Boston ta rabu da Holiday da Kristaps Porzingis shekara ɗaya bayan kofinta.

Saboda haka tun ranar da ka ga yaranka sun fara ci, ɗauko takarda ka rubuta shekarar da kwantiragin kowannensu zai ƙare da abin da zai nema. Ka yanke tun yanzu su wane ne biyu ko ukun da za ka biya ko nawa ne, sauran kuma ka yi musayarsu saura shekara ɗaya, kafin su fita ba ka samu ko sisi ba. Kuma ko kana tsakiyar neman kofi, kada ka bari shekara ta wuce ba ka da gurbi ko ɗaya a diraf, domin ɗan wasan da zai maye gurbin na shida da na bakwai a jerinka dole ya zama mai albashin sabon shiga. A Yulin 2025 Oklahoma City ta tsawaita wa Shai da Chet Holmgren da Jalen Williams a kan manyan kuɗaɗe, kuma ta yi hakan ne da sauran gurabe a aljihu, ciki har da waɗanda wasu ƙungiyoyi ba su gama biyanta ba.